Daga Allo Zuwa Wayar Hannu: Tarihin Sauyin Hanyoyin Koyo a Ƙasar Hausa da Matsalar Rashin Mai Tacewa

1.0 Gabatarwa

Ilmi ba ya tafiya da ƙafarsa, sai an sami abin da zai ɗauke shi daga mai bayarwa zuwa mai karɓa. A ƙasar Hausa allo da tawada sun yi wannan aiki, littafin ɗab'i ya yi, rediyo da kaset ma sun yi. Tun daga shekarar 2001 kuwa wayar hannu ta shigo, daga baya ta jawo intanet da kafofin sada zumunta irin su Facebook da WhatsApp da YouTube, har ta kai ga ɗalibi yana iya ɗaukar karatu wurin malamin da bai taɓa gani ba.

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin waɗannan sauye-sauye, domin a gane abin da yake sabo a zamanin waya da abin da yake tsoho ne aka sake wa riga. Abin da tarihin ya nuna shi ne, kowace hanyar koyo da ta shigo kafin wannan zamani ta zo tare da wani mutum ko wata hukuma mai tace abin da ake koyarwa da harshen da ake koyarwa da shi. Kafofin sada zumunta su ne na farko da suka bazu ba tare da irin wannan mai tacewa ba. Daga nan ne alfanunsu ya taso, daga nan kuma barazanarsu ga daidaitacciyar Hausa ta taso.

2.0 Zamanin Allo da Zaure

Karatu da rubutu sun kafu a ƙasar Hausa ta hanyar addinin Musulunci. A zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa (1463-1499) malamai irin su Shehu Muhammadu al-Maghili sun sauka Kano, aka kuma sami bunƙasar makarantu iri biyu. Ta farko ita ce makarantar allo, inda yaro ke farawa da babbaƙu, ya wuce farfaru, ya shiga hajjatu, har ya sauke Alƙur'ani. Ta biyu ita ce makarantar ilmi ta zaure, inda baligi ke ɗaukar littafi ya zauna gaban malami, yana karanta Larabci malamin yana fassara masa da Hausa jimla bayan jimla.

A wannan tsari malami shi ne komai. Shi ke duba allo kafin a wanke, shi ke gyara lafazi, shi ke cewa ɗalibi ya isa ya wuce zuwa littafi na gaba. Idan ɗalibi ya ƙware sai a ba shi ijaza, wato izinin koyarwa mai ɗauke da jerin malaman da ilmin ya biyo ta hannunsu. Saboda haka tambayar da ake yi wa mai da'awar ilmi ita ce: wurin wa ya karanta?

Koyo daga nesa ma ba baƙon abu ba ne. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo (1793-1864) ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda take horar da dattawan mata da ake kira jajis, ta naɗa musu malfa a matsayin shaidar izini, su kuma su ɗauki waƙoƙinta na Hausa da Fulatanci a ka, su kai wa matan karkara da ba su da halin zuwa wurinta. Waƙa ita ce na'urar ɗaukar darasi a wancan lokaci, tun da kari da amsa-amo suna tsare lafazi daga sauyawa. Amma ko a nan saƙon bai fita ba sai ta hannun wadda aka horar aka kuma ba ta izini.

3.0 Zuwan Boko da Hukumomin Talifi

Bayan Turawan Ingila sun ci ƙasar Hausa, Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a Nassarawa ta Kano a 1909, a 1912 kuma ya fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa da haruffan Romawa. Sabon rubutun ya buƙaci littattafai, don haka aka kafa Hukumar Fassara a 1929, wadda ta koma Hukumar Talifi a 1933 ƙarƙashin jagorancin Dakta Rupert East a Zariya. Gasar da hukumar ta shirya a 1933 ita ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. A cikin shekarun 1930 ɗin ne aka tsayar da haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, ƙamusun Bargery ya fito a 1934, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo kuma ta fara fita a Janairun 1939.

Abin lura a nan shi ne, ɗab'i yana da tsada, injin kuma yana hannun hukuma. Duk rubutun da zai isa hannun ɗalibi sai ya bi ta teburin edita. Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945, da hukumar NORLA wadda ta samar da littattafan Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, da Hukumar Harshen Hausa ta 1955, da kamfanin NNPC na 1966, duk sun yi aikin da malamin zaure yake yi, sai dai su a kan takarda suke yi. Daga baya jami'o'i suka karɓi ragamar, musamman Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Kano. Taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980 sun yi ƙoƙarin daidaita rubutun Hausa tsakanin Nijeriya da Nijar. Sakamakon wannan doguwar hidima shi ne, yaron da ya koyi karatu a Sakkwato da wanda ya koya a Azare suna ganin Hausa iri ɗaya a littafi, ko da bakinsu ya bambanta.

4.0 Rediyo da Kaset

Rediyo ya kawo abin da littafi ya kasa, wato isa ga wanda bai iya karatu ba. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki a 1957, gidan rediyon Kaduna a 1962, Muryar Jamus a 1963, Muryar Amurka kuma a 1979. Tun daga ƙarshen shekarun 1960 ake watsa tafsirin Shehu Abubakar Gumi daga masallacin Sultan Bello ta rediyon Kaduna, abin da ya mayar da zaure guda ya zama makarantar miliyoyin mutane. Da kaset ya yi arha, sai karatun malamai ya shiga kasuwa da tashar mota da ɗakunan mata, mai saurare yana iya maimaita darasi sau nawa ya ga dama.

Gwamnati ma ta yi amfani da koyarwa daga nesa. An kafa Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa a Kaduna a 1976 domin samar da malaman da shirin ilmin firamare kyauta ya buƙata, tana aika musu darussa a rubuce suna karatu ba tare da barin wuraren aikinsu ba. Hukumar Ilmin Makiyaya da aka kafa a 1989 ta riƙi rediyo a matsayin hanyar isa rugage. Jami'ar koyo daga gida da aka kafa a 1983 aka dakatar a 1984 ta sake farfaɗowa a farkon shekarun 2000.

A duk waɗannan, magana daga sama take saukowa. Ɗalibi yana ji, amma ba ya iya tambaya nan take. Gidan rediyo kuma yana da masu fassara da editoci waɗanda ke zama su tsayar da kalma kafin a furta ta. Ta haka kalmomi irin su Majalisar Ɗinkin Duniya da jirgi mai saukar ungulu suka zauna a bakin jama'a.

5.0 Kwamfuta da Farkon Intanet

Da kwamfuta ta shigo ofisoshi da jami'o'i a shekarun 1990, matsalar farko da Hausa ta ci karo da ita ita ce ta haruffa, domin allon bugun kwamfuta ba shi da ɓ da ɗ da ƙ. Masu buga littattafan Adabin Kasuwar Kano, waɗanda suka fara yawaita tun tsakiyar shekarun 1980, sukan bar haruffan babu lanƙwasa, ko su bi su da biro. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙirƙiro nau'o'in haruffan kwamfuta masu ɗauke da waɗannan baƙaƙe domin toshe wannan giɓi. A Amurka kuwa Russell Schuh na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalis, tare da Abdullahi Bature da Richard Randell, sun shirya Hausar Baka, jerin darussan bidiyo da aka ɗauka a ƙasar Hausa domin masu koyon harshen.

A 2001 Abdalla Uba Adamu ya buɗe zauren muhawara a kan finafinan Hausa a dandalin Yahoo, aka kuma sami wani na marubuta. Malaman jami'a da marubuta da masu shirya fim, na gida da na ƙetare, suka riƙa musayar ra'ayi ta wasiƙar intanet. Wannan shi ne karo na farko da nazarin adabin Hausa ya sami majalisar da ba ta tashi. Sai dai masu shiga kaɗan ne, domin sai mai kuɗin biyan awa a shagon intanet. Kamfanin Yahoo ya rufe waɗannan zaure-zaure baki ɗaya a Disambar 2020, darasin da ke nuna cewa ilmin da aka ajiye a rumbun wani kamfani yana iya salwanta ranar da kamfanin ya sauya shawara.

6.0 Wayar Hannu da Kafofin Sada Zumunta

Kafin 2001 layukan tarho masu aiki a duk Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba. A watan Janairun shekarar aka yi gwanjon lasisin wayar salula, a watan Agusta kamfanonin Econet da MTN suka fara aiki. Saukar manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku a Legas a 2010, da shigowar wayoyin Android masu sauƙin kuɗi, su suka kai intanet hannun talaka. An ƙirƙiro Facebook a 2004, YouTube a 2005, WhatsApp a 2009. A 2013 WhatsApp ya ƙara damar aika saƙon murya, a shekarar kuma manhajar fassara ta Google ta shigar da Hausa. Facebook ya samar da shafinsa cikin Hausa a 2016.

Saƙon murya ya fi duk sauran tasiri ga koyo, saboda ya dace da al'ummar da ta saba ɗaukar ilmi ta kunne. An sami makarantun Islamiyya da ke gudana kacokan a zauren WhatsApp ko Telegram: malama ta karanta aya ta aika, ɗaliba ta maimaita ta mayar, malama ta saurara ta gyara. Matan aure da hidimar gida ta hana su fita su ne suka fi cin moriyar wannan, kuma duk mai nazarin tarihi zai ga kamanninsa da tsarin 'Yan Taru. Karatuttukan malaman da suka rasu, irin su Shehu Ja'afar Mahmud Adam wanda aka kashe a 2007, sun tashi daga kaset zuwa katin waya zuwa YouTube, ɗalibansu kuma suna ƙaruwa bayan rasuwarsu.

A manyan makarantu da wuya a sami ajin da ba shi da zauren WhatsApp. Ta nan ake sanar da sauyin lokacin lacca, ake rarraba hotunan littafin da laburare ba shi da shi, ake tattauna tambayoyin jarrabawar bara. Hukumar JAMB ta fara jarrabawa da kwamfuta a 2013, ta mayar da ita dole a 2015, wanda ya sa iya sarrafa na'ura ya zama sharaɗin shiga jami'a ko ga ɗan ƙauyen da bai taɓa ganin ta ba. Koyon sana'a ma ya sauya: ɗinki da girki da gyaran waya da haɗa sabulu duk ana koyar da su da Hausa ta bidiyo. Adabi ya bi sahu, marubuta, akasarinsu mata, suna sakin labari shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, masu karatu suna mayar da martani kafin a rubuta babi na gaba. Ga ɗimbin matasa, wannan shi ne rubutun Hausa mafi yawa da suke karantawa, ya ninka abin da suka gani a aji.

7.0 Gwajin Shekarar 2020

Annobar korona ita ta auna ƙarfin sabuwar hanyar. A ranar 19 ga Maris 2020 Gwamnatin Tarayya ta ba da umarnin rufe makarantu. 'Yan ajin ƙarshe na sakandare sun koma a Agusta domin jarrabawa, saura kuwa sai daga Satumba da Oktoba. A jami'o'in gwamnati rufewar ta haɗu da yajin aikin ƙungiyar malamai ta ASUU, wanda ya ɗauki wata tara, daga Maris zuwa Disamba.

Makarantu masu zaman kansu na manyan birane sun koma Zoom da WhatsApp cikin 'yan makonni. Jihohi irin su Kaduna da Kano kuwa rediyo da talabijin suka koma wa domin isar da darussa ga 'yan makarantun gwamnati, saboda sun san yawancin gidaje ba su da babbar waya, masu ita ma kuɗin data da wutar caji suna gagarar su. Wato ranar da aka shiga matsi, tsohuwar na'ura ce ta ɗauki nauyin talaka. A watan Satumbar 2021 kuma aka katse layukan sadarwa a Jihar Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna saboda matsalar tsaro, duk mai karatu ta waya a yankunan ya tsaya cik. Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya da asusun UNICEF da kamfanin Microsoft sun ƙaddamar da dandalin darussa na intanet kyauta a Maris 2022, amma dandali ba ya amfanar yaron da ba ya makaranta kuma ba shi da waya. Ƙiyasin UNESCO na 2022 ya kai adadin yara da matasan Nijeriya da ba sa makaranta kusan miliyan 20.

8.0 Tasiri a Kan Harshe

Lalacewar ƙa'idar rubutu a waya tana da dalili na fasaha. Gajeren saƙon waya yana ɗaukar harafi 160, amma da zarar an sa harafin da ba ya cikin jerin da aka tsara wa wayar, kamar ƙ ko ɗ, sai adadin ya faɗo zuwa 70, kuɗin saƙo ya ninka. Yawancin wayoyin farko ma ba su da haruffan sam. Mutane suka saba rubuta kasa a wurin ƙasa, bata a wurin ɓata, baki a wurin baƙi, wasu kuma suka ari q suka ce qasa, suka ari x suka ce xan. Taƙaita kalmomi ya biyo baya: slm, ykk, lfy, ngd. Rabon kalmomi ya rikice, ana haɗe na gode da ba ta, ana raba yana da suna. Yau manhajojin rubutu na waya suna da haruffan Hausa, amma sabo ya riga ya kama. Yarbanci da Ibo suna fama da irin wannan ciwo, domin ɗigon ƙarƙashin harafi da alamar karin sauti su ne farkon abin da ke zubewa a saƙon waya.

Ba za a ce duk sauyin asara ba ne. Karin harshen Sakkwato da na Katsina da na Damagaram da Hausar zangon Kumasi, waɗanda edita kan goge a da, yanzu suna bayyana a rubuce yadda masu su ke furta su, wanda taska ce ga mai nazarin kare-karen harshe. Kalmomi irin su manhaja da yanar gizo da kafofin sada zumunta sun karɓu cikin ɗan lokaci. Matsalar ita ce babu inda ake zama a tsayar da guda idan an sami kalmomi uku suna takara a kan ma'ana ɗaya, kuma ayyuka irin su ƙamusun keɓaɓɓun kalmomi da Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 ba su isa hannun yawancin masu rubutu a waya ba.

Akwai kuma sabon ɗalibi da ya shigo ajin, wato na'ura. Manhajojin fassara da na ƙirƙirarriyar basira suna koyon Hausa ne daga rubutun da ke intanet. Aikin NaijaSenti na 2022, alal misali, daga saƙonnin Twitter ya tattara bayanansa na Hausa da Ibo da Yarbanci da Turancin buroka. Idan rubutun da na'ura ta koya gurɓatacce ne, gurɓatacce za ta mayar wa ɗalibin da ya tambaye ta, shi kuma ya kwafa ya sake zubawa a intanet.

Haka abin yake ta fuskar abin da ake koyarwa. Ana yanko minti ɗaya daga karatun awa biyu a watsa, ma'ana ta juye. Mai yawan mabiya yana iya rinjayar mai yawan karatu, kuma tsohuwar tambayar nan ta wurin wa ya karanta ba ta cika samun mai yin ta ba.

9.0 Kammalawa

An ga yadda malamin zaure da editan Zariya da mai fassarar gidan rediyo suka tsaya tsakanin ilmi da mai nemansa, kowa a zamaninsa. Wayar hannu ta buɗe ƙofa ga matan kulle da masu sana'a da mazauna nesa, ta kuma ba ɗalibi bakin tambaya, amma ta raba koyo da mai tacewa. Lamarin ya ƙara nauyi idan aka dubi manufar gwamnati: tsarin ilmi na 1977 ya tanadi koyarwa da harshen uwa a farkon firamare, manufar harshe ta 2022 ta faɗaɗa shi zuwa shekara shida, amma a Nuwambar 2025 Ministan Ilmi ya sanar da soke ta da komawa ga Ingilishi. Gwargwadon yadda aji ya rage ba harsunan gida muhimmanci, gwargwadon yadda waya za ta zama babbar makarantar rubuta su.

Ba za a iya mayar da injin ɗab'i hannun hukuma guda kamar zamanin East ba. Abin da ya rage wa sassan nazarin harsunan Nijeriya shi ne su kai aikin tacewa inda masu koyo suke: a sa ƙamusoshi da ƙa'idojin rubutu a waya kyauta, a koya wa ɗaliban Hausa da malaman firamare amfani da haruffa masu lanƙwasa a na'ura, a shiga aikin gyara maƙalolin Wikipedia ta Hausa, a kuma tanadi rumbun jami'a da zai adana adabi da muhawarorin da ake yi a intanet kafin su bi sawun zaurukan Yahoo.